Tafiyar Sallama Daga Sa'alaba

A tsakiyar watan Maris na 2022, wanda ya yi daidai da watan Sha'aban na 1443, muka yi alkawarin haɗuwa bayan sallar asuba a bakin unguwar Sa'alaba da ke kudancin birnin Jidda. Sai dai kuma a lokacin babu sauran unguwar da za a tsaya a bakinta. Motocin rusau sun riga sun bi ta kan mafi yawan gidajen, abin da ya rage kuwa tulin ɓaraguzai ne da ƙarafa, sai wasu 'yan bangaye masu ɗauke da kalmar Larabci "ikhla", wato a tashi, wadda aka rubuta da jan fenti. Duk da haka nan mutanen suka zaɓa, domin shi ne wurin da kowannensu ya sani ba sai an yi masa kwatance ba.

Mu shida ne a cikin motar. Wanda ake tafiyar dominsa wani tela ne mutumin Fagge ta Kano, wanda kowa ke kira Baba Tela. Ya zo Jidda a 1996 yana da ƙuruciyarsa, ga shi zai koma gida da furfura bayan shekara 26. Akwai ɗansa mai shekara 20, haifaffen Jidda, wanda za su tafi tare. Akwai direba mutumin Maraɗi, wanda ya aro motar, da wani mai tsire Bakatsine, sannan da wani dattijo, tsohon malamin makaranta, Bahaushen Saudiyya, wanda muke kira Malam. Na shidan shi ne ni. Aiki ne ya kai ni Jidda a wannan makon, kuma shekaru da dama ke nan Baba Tela ke yi mini ɗinki duk lokacin da na ratso ta garin, saboda haka da aka gayyace ni ban tsaya dogon tunani ba.

Akwai kuma na bakwai, wanda ya zo ya tsaya a gefen motar amma bai shiga ba. Maƙwabcin Baba Tela ne na kusan shekara 20, kuma ba shi da igama, wato takardar izinin zama. Hanyar da za mu bi tana da shingayen bincike, shi kuwa ya san cewa tambaya ɗaya daga bakin askar za ta iya kai shi sansanin Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu. Ya miƙa wa Baba Tela 'yan kuɗi domin a sayo masa dabinon Madina da za a kai wa mahaifiyarsa a Najeriya, ya roƙa a isar masa da gaisuwa ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sannan ya juya ya shige lungu tun gari bai gama wayewa ba.

Dalilin komawa gida

Abubuwa uku ne suka haɗu suka tayar da Baba Tela. Na farko shi ne harajin iyali da gwamnatin Saudiyya ta fara karɓa daga baƙi a watan Yulin 2017, riyal 100 a wata a kan kowane mutum guda da ke ƙarƙashin ma'aikaci, wanda ya riƙa hawa kowace shekara har ya kai riyal 400 a 2020. Mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu zai biya riyal 2,000 ke nan duk wata, tun bai sayi shinkafa ba. A 2018 ya tura mai ɗakinsa da ƙananan yaran Kano, ya zauna da babban ɗan. Na biyu annobar korona, wadda ta tsayar da Umara a watan Maris na 2020, ta kuma taƙaita aikin Hajji shekara biyu a jere, ga shi kuwa alhazai da 'yan Kano-Jidda su ne rabin cinikinsa. Na ukun shi ne rusau.

A watan Oktoban 2021 hukumomin Jidda suka fara rushe unguwannin da suka ce an gina su barkatai, kuma sun zama maɓoyar masu laifi da dillalan miyagun ƙwayoyi. An fara da Gulail da Petromin, wadda Hausawa suka fi sani da Karantina, daga nan aikin ya ci Sabil da Kandara da Hindawiyya da Sa'alaba da wasunsu. A watan Yunin 2022 ƙungiyar kare haƙƙin bil'adama ta Amnesty International ta ce shirin ya shafi unguwanni fiye da 60 da mutane kimanin rabin miliyan, kuma tsarin biyan diyya bai haɗa da baƙi ba. Kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo a sauran sassan birnin. Shagon da Baba Tela ya yi shekaru yana ɗinki a ciki ya tafi cikin yini ɗaya, abokan cinikinsa kuma suka watse, kowa ya kama gabansa.

Sai ya nemi bizar fita ta dindindin, wadda a can ake kira kuruj niha'i. Ba a bayar da ita sai mutum ya biya tarar hanya idan ana binsa, ya kuma sauke duk motar da ke ɗauke da sunansa. Idan ta fito, yana da kwana 60 ya bar ƙasar. Ya kai kekunan ɗinkinsa kasuwar gwanjo ta Sawarik ya sayar, ya bar guda ɗaya ya haɗa da sauran kayansa aka yi musu awo zuwa Kano. Sa'a ta zo masa, domin a ranar 5 ga watan Maris Saudiyya ta ɗage dakatarwar da ta yi wa jiragen Najeriya tun watan Disambar 2021. Ranar da muka tashi saura kwana tara jirginsa.

Al'ada ce da na tarar a tsakanin baƙin ma'aikata a Saudiyya, Hausawa ne ko 'yan Pakistan ko Misirawa, cewa mai tafiya ba ya barin ƙasar sai ya yi Umara ta ƙarshe ya kuma ziyarci Madina, abokansa su raka shi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, a cikin shekara 26 sau uku kacal Baba Tela ya je Madina, Ɗa'ifa kuwa bai taɓa sa ƙafarsa ba. Lokacin da duniya ke tururuwa zuwa waɗannan wurare, wato watan azumi da na Hajji, shi ne lokacin da tela ba ya ɗaga kai daga keke. Mutumin da dangi a gida ke ce wa ɗan Makka, ashe bai sami sukunin ganin ƙasar ba sai da ya zo barinta.

Jikan masu tafiyar ƙafa

Mun ɗauki babban titin Makka, muka ratse ta hanyar da ta kewaye Harami ta kudu, muka nufi Ɗa'ifa, tafiyar kimanin kilomita 170 daga Jidda. A kan wannan hanya ne Malam ya buɗe bakinsa, da wata irin Hausa ta mutanen da, wadda ta sha Larabcin Hijaz.

Kakansa yana cikin waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya zuwa gabas bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903. An kashe Sarkin Musulmi a yaƙin Burmi cikin watan Yuli na wannan shekara, amma jama'a da dama suka ci gaba da tafiya tare da ɗansa Mai Wurno, wanda ya kafa garin da har yau ke ɗauke da sunansa a bakin kogin Nilu a Sudan. Kakan Malam ya yi shekaru yana noma a can kafin ya tara kuɗin jirgin ruwa, ya haye Bahar Maliya daga Sawakin ya sauka Jidda. Ba shi ne na farko ba. Tun shekara ta 26 bayan Hijira Halifa Usman ɗan Affan ya mayar da Jidda tashar jiragen ruwan Makka, kuma wani matafiyi ɗan ƙasar Suwizalan, Johann Ludwig Burckhardt, wanda ya zo Hijaz a 1814, ya ba da labarin alhazan Afirka da ake kira Takarir, masu aikin ƙarfi domin su sami guzurin komawa. Daga wannan suna ne muka samo kalmar takari. Irin waɗannan baƙi a bayan ganuwa suke kafa bukkokinsu. Da aka rushe ganuwar Jidda a 1947, birnin ya faɗaɗa ya haɗiye su.

Zuriyarsu a yau 'yan ƙasa ne, masu sunayen iyali irin su Hausawi da Fallata da Barnawi. Usama Hausawi ne ya jagoranci ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha. Tsiren da abokin tafiyarmu ke gasawa kuwa, mutanen Hijaz sun daɗe da karɓarsa, suna ce masa siriya.

Shi ma Malam gidan gadonsu ya tafi a rusau. Bambancin shi ne yana da takardar zama ɗan ƙasa, ya cike takardun neman diyya, yana kuma da fansho. Na lura ba ya son a tayar da wannan magana a gaban Baba Tela, wanda suka yi shekaru suna sallah a sahu ɗaya. Abin da kawai ya faɗa shi ne, tafiyar da kakansa ya ci shekaru yana yi, abokinsa zai yi ta a juye cikin awa biyar, kuma shi da ake kira Bahaushe a Jidda bai taɓa ganin Dala da idonsa ba.

Sanyin Ɗa'ifa

Daga kwarin da ke kusa da Arfa hanya take fara hawan dutsen Hada, tana murɗewa kamar igiyar guga. Birai sun yi layi a gefen titi suna jiran masu jefa musu ayaba. Kafin mu kai sama hazo ya rufe mu, direba ya kashe na'urar sanyaya mota ya sauke gilasai. Ɗa'ifa tana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,800, shi ya sa sarakunan Saudiyya suka daɗe suna fakewa a cikinta lokacin zafi. A nan Sarki Abdul'aziz ya rasu a 1953, a nan kuma aka ƙulla yarjejeniyar 1989 da ta share fagen kawo ƙarshen yaƙin basasar Labanan.

Mun zo a kan gaɓa, domin a watannin Maris da Afrilu ake tsinkar furen wardi da garin ya yi suna a kai, da sassafe tun rana ba ta taɓa shi ba. Baba Tela ya sayi kwalabe biyu na ruwan wardi domin mai ɗakinsa, ya ce ta yi shekara 19 a Jidda tana jin labarin Ɗa'ifa, shi kuwa kullum yana ce mata sai an gama ɗinkin sallah. Mun yi azahar a masallacin Abdullahi ɗan Abbas, wanda kabarinsa ke nan kusa. Da la'asar Malam ya kai mu unguwar Masna, wurin wani ɗan ƙaramin masallaci da ake danganta shi da Addas.

Masu tarihi sun ce lokacin da mutanen Ɗa'ifa suka jefi Manzon Allah (SAW) da duwatsu, ya fake a wata gonar inabi, sai aka aiko masa da 'ya'yan inabi ta hannun wani bawa Kirista, mutumin Ninawa ta ƙasar Iraƙi, mai suna Addas. Mai tsire, wanda tun safe ba ya magana sai zolaya, ya yi shiru yana saurare, daga baya ya ce ashe tun wancan zamani baƙo ne ke tarbar baƙo. Daga nan sai hira ta koma kan ranar da kowannensu ya fara sauka Jidda, da wanda ya ba shi tabarma. Ya bayyana cewa direba da mai tsire, dukansu biyu a bayan shagon Baba Tela suka yi watanninsu na farko, suna kwana a kan tarin yadi. Ɗansa bai taɓa jin wannan labari ba sai ranar.

Da dare, a ɗakin da muka kama, yaron ya faɗa mini abin da ke cin ransa. Sau biyu aka taɓa kai shi Kano, yana ƙarami. Dokar Saudiyya ba ta ba ɗan baƙo zama ɗan ƙasa don kawai an haife shi a can, saboda haka duk rayuwarsa a kan igamar mahaifinsa take rataye. Da Larabci ya yi karatun sakandare, ya kuma ji cewa a Najeriya da Turanci ake rubuta jarrabawar shiga jami'a. Abokansa duka 'yan Jidda ne, ƙungiyarsa Al-Ittihad. Ya ce a nan ana kiransa Takruni, can kuma ya san da ya buɗe baki za a gane ba ɗan gari ba ne. Kowa a motar yana cewa ana raka su gida, shi kuwa a ganinsa mahaifinsa ne kaɗai zai koma gida.

Umarar ƙarshe

Washegari muka ɗaura harami a miƙatin Wadi Muharram, muka gangaro Makka. A lokacin sai da izinin manhajar Eatmarna ake yin Umara, wadda daga baya aka sauya ta da Nusuk, kuma yaron ne ya nema mana tun muna Jidda. Kwana kaɗan kafin zuwanmu aka cire alamomin tazara da aka manna a daɓen Masallacin Harami saboda korona, jama'a suka koma sallah kafaɗa da kafaɗa.

Bayan mun gama ɗawafi da sa'ayi an yi aski, Malam ya tunatar da mu cewa a mazhabar Malikiyya ɗawafin bankwana mustahabbi ne, kuma wanda zai fita daga Makka nan take bayan Umara, ɗawafinta ya isar masa idan ya yi niyya. Baba Tela ya ce ya ji, amma a bar shi ya ɗan zauna. Ya fi awa guda yana duban Ka'aba. Da na matsa kusa da shi sai na tarar hankalinsa yana kan rigar ɗakin, wadda ake saƙawa a masaƙar Ummul Jud da ke nan Makka da siliki, a yi mata rubutu da zaren azurfa da na ruwan zinariya. Ya ce ya yi Umara ba adadi, kullum a gurguje domin ya koma shago, bai taɓa tsayawa ya dubi yadda aka zaunar da wannan aiki ba. Da muka tashi fita, sau uku yana tsayawa yana waiwaye.

Amanar Inna

Tun 2018 akwai jirgin ƙasa mai gudun gaske da ya haɗa Makka da Jidda da Madina, layi mai tsawon kilomita 450, wanda ke cinye tafiyar cikin awa biyu da 'yan mintoci. Abokan nan sun ƙi shi da gangan. Direba ya ce ba sauri suke yi ba, kuma a jirgi ba a tsayawa shan shayi. Muka kama titin Hijira, fiye da kilomita 400 cikin hamada da baƙaƙen duwatsu. A nan ne na gane cewa tafiyar ba ziyara kaɗai ba ce.

Baba Tela ya fito da wani tsohon littafi mai baƙin bango da wani ƙunshi daga jakarsa. A unguwanni irin Sa'alaba, wanda ba shi da igama ba ya iya buɗe asusu a banki, saboda haka mutane kan kai ajiyarsu wurin wanda suka yarda da shi, mai shago tsayayye. Shekaru da yawa shagonsa ya zama bankin lungun. Da rusau ya zo ya mayar wa kowa nasa, sai mutum ɗaya: wata tsohuwa Basakkwatiya mai sayar da fura, wadda ake kira Inna. Tana da riyal 7,000 da ɗoriya a wurinsa, tarin shekara 11. Ranar da aka tashi lungunsu ba ya nan, wayarta kuma ta daina shiga. Abin da ya ji kawai shi ne wata jikarta ta ɗauke ta zuwa Madina. Ya ce wata biyu ke nan ba ya barci sosai, domin idan ya hau jirgi da kuɗin nan, ba shi da hanyar dawowa ya nemo ta. Malam ya ce ai a kan hanyar da ta dace muke, tunda ranar da Manzon Allah (SAW) ya bar Makka a shekarar 622, sai da ya bar Sayyidina Ali a baya domin ya mayar wa mutane ajiyarsu.

Kwana biyu muka yi a Madina. Mun shiga Rauda da izinin manhaja, Baba Tela ya isar da gaisuwar maƙwabcinsa ya ambaci sunansa. Mun yi nafila a masallacin Ƙuba, mun je Uhudu inda Sayyidina Hamza da sauran shahidai kimanin 70 suke kwance. A maƙabartar Baƙi'a Malam ya ambato mutanenmu da suka ƙare rayuwarsu a wannan gari: Alfa Hashim, wanda shi ma ya biyo ayarin Burmi ya zama babban malami a Madina har ya rasu a 1931, da Shaihu Umar Fallata, wanda ya yi shekaru yana karantarwa a Masallacin Annabi ya rasu a 1999. Burin kwanciya a Baƙi'a tsoho ne a zukatan Hausawa, kuma bai gushe ba, domin a can aka binne Alhaji Aminu Ɗantata a farkon watan Yulin 2025. Baba Tela ya ce shi ma ya daɗe yana roƙon haka, amma Allah ya fi shi sanin inda ƙasarsa take.

Neman Inna kuwa mai tsire ne ya ɗauke shi. Ya fara da Hausawa masu tura keken guragu a harabar masallaci, suka haɗa shi da wata mai sayar da abinci, ita kuma ta san wata da ta san jikar. Da yammacin rana ta biyu aka kai mu wani ɗaki a wata tsohuwar unguwa. Tsohuwar tana zaune a kan tabarma, idanunta sun yi rauni, amma da ya yi sallama ta gane muryarsa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta ce masa ɗan nan, ashe yana raye. Ya ajiye ƙunshin da littafin, ya ce a ƙirga. Ta ce ba za a ƙirga ba, shekara 11 ba ta taɓa ƙirgawa ba. Ya dage, ya ce ga shaidu huɗu ya zo da su tun daga Jidda. Jikar ta ƙirga a gabanmu, kuɗi suka cika daidai da abin da ke rubuce.

Inna ta ce ta riga ta sallama kuɗin, ba don ta zarge shi ba, sai don ta ɗauka an kama shi ko ya tafi. Ta zaro wani abu daga ciki ta ba shi, ta ce idan ya huta ya aika garinsu, a gaya wa 'ya'yan ƙaninta tana nan da rai a Madina, kuma kada su jira ta. Kusan shekara 50 ke nan rabonta da gida. Da muka fito, Baba Tela ya ce yanzu ne ya ji bizarsa ta fito.

Littafi biyu

A rana ta biyar muka sayi dabinon ajwa, har da na saƙon maƙwabci, muka biyo tsohuwar hanya ta Badar, kimanin kilomita 150 kudu maso yamma da Madina. A nan aka gwabza yaƙin farko a ranar 17 ga watan Ramadan, shekara ta 2 bayan Hijira. Mun tsaya daga bayan katanga muka yi wa shahidan nan 14 addu'a, sannan muka shimfiɗa tabarma a inuwar mota, mai tsire ya hura gawayi.

Ana cikin ci sai Baba Tela ya sake fito da baƙin littafin. Bayansa yana ɗauke da wani lissafi dabam, na waɗanda yake bi bashin ɗinki. Ya miƙa wa ɗansa ya ce ya yage shafukan ya sa a wuta. Yaron ya ƙi. Ya ce Baba, wannan kuɗi zai biya hayar shago a Kano, kuma yana da lambar wayar fiye da rabinsu. Direba ya goyi bayan yaron, ya ce a bar masa littafin, zai bi su a hankali ya riƙa aikowa. Baba Tela ya ce ya san inda mutanen nan suke kwana yanzu, wasu su takwas a ɗaki ɗaya, wasu a Shumaisi, kuma ba ya son ranar da wani zai tuna da shi ya zama da faɗuwar gaba. Gardama ta yi tsawo, har Malam ya sa baki ya ce mai dukiya ya yi hukunci a kan dukiyarsa. Yaron ya yage shafukan, ransa ba daɗi, ya cusa su ƙarƙashin gawayi.

Akwai littafi na biyu, mai koren bango, wanda bai ƙone ba. Shi ne littafin awo, mai ɗauke da tsawon riga da faɗin kafaɗa da zagayen wuyan duk wanda ya taɓa kawo ɗinki. Kafin mu tashi daga Badar ya ciro tef ɗinsa ya sake auna mu ɗaya bayan ɗaya a tsakiyar rana, yana yi wa mai tsire tsiya cewa cikinsa ya ƙaru da inci uku tun bara.

Mun biyo gaɓar teku ta Rabig muka shigo Jidda bayan isha'i, mun ci fiye da kilomita 1,100 a cikin kwana biyar. Maƙwabcin nan yana jiranmu a ɗakin da Baba Tela ya raɓa. Aka nuna masa dabinon mahaifiyarsa, aka gaya masa an isar da gaisuwarsa da sunansa. Ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba. Filin jirgin sama ma bai iya zuwa rakiya ba, a ƙofar ɗakin suka yafi juna.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Ƙidayar 2022 ta nuna cewa a cikin mutane miliyan 32.2 da ke Saudiyya, miliyan 13.4 baƙi ne, kuma mafi yawansu wata rana za su karɓi irin takardar da Baba Tela ya karɓa. Masu igama za su sami kwana 60 su sallami jama'a, su mayar da amana, su ga ƙasar da suka yi wa aiki. Marasa ita, in ban da lokacin afuwa irin wadda aka yi a 2013 da 2017, sau da yawa da kayan jikinsu suke sauka filin jirgin Malam Aminu Kano, ajiyarsu da basussukansu da sallamarsu duk suna baya.

Baba Tela yana Fagge yanzu, da keke ɗaya da yara biyu masu koyo. Ɗansa ya sha wuya shekarar farko, daga baya ya sami aikin tafinta a wani kamfanin shirya tafiyar Umara, inda Larabcin Jidda ya zama jarinsa. Direba da mai tsire sun koma wata unguwa can gabashin birnin. Duk shekara idan azumi ya kai goma, wata 'yar Kano-Jidda takan sauka da leda mai ɗauke da riguna huɗu: ta Malam, da ta direba, da ta mai tsire, da ta maƙwabcin da bai shiga mota ba. Tasa ita kaɗai ce ake yi da tsohon awo, kuma an ce har yanzu tana zama masa daidai.